Ko Ina Cikin Littafin Fatou?

Litinin, 4 ga Maris 2024, Lyon

Fatou ta sauka wurina. Wai kewata ce ta taso ta daga Paris. Tun zamanmu ɗaki ɗaya a jami'a a Yamai ba ta taɓa nemana haka ba, sai yanzu da ta zama marubuciya? Na karanta littattafanta biyu na Faransanci. Ba mai mutuwa, ba mai aure. Mace na yanka albasa har shafi uku, ta hau tiram, jirgin nan na cikin gari, ta sauka, shi ke nan. Amma wanda ya san mutanenmu na Paris zai ce ga wance, ga wane.

Laraba, 6 ga Maris

Kallona take. Ina tuƙa tuwon shinkafa, tana jingine da ƙofa. "Shamsiya, me ya sa kike tuƙa tuwo da hagu?" A kasuwar Guillotière ma ina zaɓen kuɓewa, ita hannuna take bi da ido.

Jumma'a, 8 ga Maris

Ta ga farar rigar aikina a shanye. Dole na faɗa mata: na ajiye karatun digiri na uku, a gidan kula da tsofaffi nake aiki a Vénissieux, wanka da ciyarwa. A Damagaram kuwa har yau Baba "Dokta" yake kirana gaban abokansa.

Na ce, "Don girman Allah kar ki sa ni a littafi."

Ta ce, "Haba ƙawata."

Ba ta rantse ba. Na lura.

Alhamis, 4 ga Satumba 2025

Littafin ya fito. Illo, ɗan garinmu da ke Paris, ya kira ni: "Yaya Shamsiya, an ce a Lyon aka yi labarin fa!" Na ajiye wayar ina lissafi. Wani zai sa shi a jaka zuwa Yamai, wani ya karanta, ya kai wa Baba a baki.

Asabar, 13 ga Satumba, Paris

Na je taron da ta karanta wa jama'a littafin, wani ƙaramin shagon littattafai kusa da Porte de la Chapelle. Can baya na zauna. Ta karanta inda wata mata ke jiran ruwa ya tafasa. Turawa sai gyaɗa kai suke, wani mai gemu ya miƙe yana yabon gajerun jimlolinta. Ni jira nake in ji an ambaci farar riga. Shiru.

Da ta rungume ni ta ce, "Kin rame." Ko wannan ma ajiyewa take don gaba?

Lahadi, 14 ga Satumba

Na cinye littafin a jirgin ƙasa. Matar 'yar Dakar ce, mai gyaran gashi, 'ya'yanta biyu. Ba karatu, ba tsofaffi, ba Baba. Na koma farko, ko ta ɓoye ni cikin maƙwabciya. Babu. Ko tuƙin hagun babu.

Alhamdu lillahi. Haka ya kamata in ce.

To duk kallon nan fa? Ta duba ne ta ga ba abin rubutawa?

Laraba, 17 ga Satumba

Madam Odile, tsohuwar da ba ta gane kowa, yau ta riƙe hannuna ina taje mata kai, ta kira ni da sunan 'yarta. Na amsa.

A bakin tiram na kira Fatou, gaisuwa kawai. Ban san yadda aka yi na ba ta labarin duka ba, har launin matajin, har ƙanshin sabulun. Sai ta ce, "Sake faɗa mini, a hankali."

Ba wai ina so ta rubuta ba ne. Na dai sake faɗa.