Ranar da Aka Cire wa Baba Mari

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya zaman Ikko? Mu nan Gangara lahiya lau, sai fari da ya ƙone gero.

Hajo ɗiyar Kawu, wadda ke bin ƙauyukan ƙasar Isa tana kwance wa masu taɓin hankali mari, ta zo ta sa an cire wa Baba mari. Ta ce magani da hira yake buƙata, kuma ya samu sauƙi. Amma Yaya, shekara bakwai nake ba shi hura a baki. Jiya ya riƙe hannunta ya ce, "Ɗiyata, wagga baƙuwa wace ce?" Ni yake nufi.

Na gode mata, amma na kasa kallon idonta. Roƙa mini Allah ya wanke zuciyata. A gai da yara.

Ƙanwarka,
Rabi