Gyaɗa Bakwai a Ƙoƙon Kellu

Litinin, 7 Oktoba 2024
Wata uku na yi ina mayar da tambayoyin masu ciwon suga daga Faransanci zuwa Hausa. Yau Likita Modu ya ce sai an gwada su a ga ko suna zaƙulo gaskiya. Ni zan je garin Tirmini, Kellu garin Gidimuni, mutum arba'in-arba'in. Wadda aikinta ya fi kyau ita za ta kai rahoto Yamai. Kellu! Bara ta zo asibitin nan, ni na koya mata riƙe allura.

Alhamis, 10 Oktoba
Tambaya ta huɗu: kwana nawa cikin bakwai kuka sha magani? Duk mutanena sun ce bakwai. Na dawo da daɗin rai.

Asabar, 12 Oktoba
An ce Kellu da ƙoƙo da faifai take yawo. Ta ba tsoho gyaɗa bakwai ta kau da kai, shi ya zuba na kwanakin da ya sha a ƙoƙon ya rufe da faifai, sai ya fita take buɗewa. Wai mutanenmu ba sa iya kallon baƙo su ce ba su sha ba. Bincike ne ko tallan gyaɗa? Na yi dariya a biro, ofishinmu, ba wanda ya taya ni.

Laraba, 23 Oktoba
An gwada amsoshi da awon jini. Na Kellu sun dace, mai gyaɗa kaɗan sugansa sama. Nawa arba'in masu "bakwai", rabinsu jininsu ya ƙaryata su. Likita ya ce, "Zuwaira, Hausarki ba laifi, kunya ce ta amsa miki." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kalmomina ne fa take karanta musu! Haushi ya hana ni cin tuwo.

Juma'a, 25 Oktoba
Ita za ta Yamai. Ta zo wai, "Yaya Zuwaira, ki duba mini rahoton." Na ce ido na ciwo.

Lahadi, 27 Oktoba
Shekara shida kullum ina tambayar Inna ko ta sha maganinta, tana cewa, "Na sha, 'yar nan." Yau na ajiye mata ƙoƙo da gyaɗa bakwai, na faɗa mata yadda ake yi, don dai in tabbatar wa kaina shirme ne. Na je na daɗe wajen randa.
Biyu.
Ta ce jiri yake sa ta, ba ta so ta ɓata mini rai. Uwar da ta haife ni, ɗaki ɗaya muke kwana.

Litinin, 28 Oktoba
Na kai Inna wajen Likita, ya canja mata magani. Na gyara rahoton Kellu, kuskure tara, Faransancinta sai a hankali. Har yanzu haushinta nake ji. A tambaya ta huɗu dai na rubuta da hannuna: a yi ta da ƙoƙo, mai tambaya ya kau da kai.