Hotunan Rauda da Ginin Yashinta a Shafinku

Daga:
Bahijja Yusha'u,
Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga:
Babban Darakta,
Cibiyar Fasaha ta Madubin Gari,
Kongo, Zariya.

14 ga Oktoba, 2024.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SA HOTUNAN 'YATA A INTANET BA DA SANINA BA

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ce mahaifiyar Rauda, 'yar shekara bakwai, wadda hotunanta ke cikin baje kolin gine-ginen yashi da ke shafinku. Ga kokena:

1. Ranar Asabar, 28 ga Satumba, mai ɗaukar hotonku, Malam Mujahid, ya tarar da Rauda tana wasa a tarin yashin da tifa ta juye a ƙofar maƙwabcinmu mai gini. An ce ya nemi izini. Wanda Malam Mujahid ya tambaya kuwa birkila ne, Malam Nagoda, ya zaci shi ne ubanta. Na san namiji ba ya faɗawa gidan matar aure, amma ai ana yin sallama daga zaure. Ina ciki ina wanki.

2. Abin da Rauda ta gina layinmu ne: masallaci, taransifoma, shagon Madam Chizoba, sai gidanmu da ta kafa wa tsinke a ka don a gane shi. An ɗauke shi daga sama, komai ya fito sarai. Sunan Islamiyyarsu yana bayan hijabinta, ana iya karantawa. A ƙasan hoton kun rubuta sunanta da unguwarmu, har da cewa babanta yana aiki a Fatakwal, sai da Sallah yake zuwa. Yarinya ce, an tambaye ta, ta faɗa. Amma manya ne suka rubuta.

3. Ranar Laraba, 9 ga Oktoba, wani mutum a kan babur, sanye da takunkumi, ya tsaya a shagon Madam Chizoba ya nuna mata hoton a waya, yana tambayar gidan mai tsinken, wai kyauta ya kawo wa yarinyar. Ta ce ba ta san ta ba, Allah ya saka mata. Ranar Juma'a ya dawo, su biyu, suna tambayar lokacin da ake tashi daga Islamiyya. Wataƙila mutanen kirki ne. Ban sani ba, kuma ba da 'yata zan gwada ba.

4. Na kira lambar ofishinku. Wadda ta ɗauka ta ce hoton Rauda ya fi kowanne samun masu kallo, kamata ya yi in yi alfahari. Yallaɓai, sai na ajiye wayar.

Na sanar da mai unguwa da 'yan sanda. Na sa an baje yashin, Rauda ta yi ta kuka, tana tambayata ko laifi ta yi. Tun Juma'a ko zaure ba ta leƙa ba. Ni da ita da jaririna ne kaɗai a gidan.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a cire hotunan da rubutun yau ɗin nan, daga shafinku da duk inda kuka tura su. A kuma miƙa wa 'yan sanda bayanin duk wanda ya tuntuɓe ku yana tambayar yarinyar. In an cire, a sanar da ni a rubuce ta hannun mai unguwa, kada a turo kowa ƙofata.

Ba diyya nake nema ba, ba kuma so nake a kori Malam Mujahid ba. So nake in san ranar da zan iya buɗe wa 'yata ƙofa ta tafi makaranta.

Allah ya ƙara girma.

Mai biyayya,
Bahijja Yusha'u
(Maman Rauda)