Tun Da Aka Rufe Kasuwa Mijina Ya Daina Magana

Anti Hadiza, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa mawa. Maigidana yana da ciwon taɓin hankali, amma shekara shida ke nan yana shan magani lafiya lau. Kullum da safe yakan tafi Babbar Kasuwa, rumfar amininsa Malam Idi, yana taya shi awon gero. In ya dawo ya yi ta ba ni labarin masu ciniki, har kwaikwayon muryarsu yake yi.

Da cutar korona ta zo aka yi dokar kulle, komai ya tsaya, har jam'in masallaci. Yanzu da safe sai ya yi wanka, ya sa hula, ya zauna a zaure har azahar. In ya hangi mai takunkumi sai ya ce shi ake ɓoye wa fuska. Abinci sai na yi ta lallashi. Ranar ganin likita ta wuce, maganin saura na kwana tara. Yayyensa sun ce a kai shi ƙauye bayan Batagarawa a rufe shi a ɗaki. Ni kuwa kewarsa nake yi, alhali ga shi zaune gabana. Muryarsa kawai nake son ji.

Mai jiran tsammani, Ƙofar Guga

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Fara da magani: kada ki jira ya ƙare. Ki kira asibitinsa yau, ki gaya masu canjin da kika gani, ki tambayi yadda za a karɓo wani.

Yayyensa tsoro ne ya kama su, kuma suna tausayin wahalarki, kada ki yi faɗa da su. Amma kulle ne ya jawo wannan hali, ƙarin kulle ba zai warkar da shi ba. Ki nemi ɗayansu ya riƙa karɓarki ki huta.

Abin da ya rasa shi ne tsarin yininsa. Ki ba shi mudu ya auna hatsin gida, ku yi jam'i tare, Malam Idi ya riƙa kiransa a waya kowace safiya. In ya daina cin abinci, ko ya ambaci cutar da kansa ko wani, a kai shi asibiti nan take.

Mutumin da har yanzu yake wanka ya sa hula bai fid da rai ba. Ki shimfiɗa tabarma kusa da shi, wannan karon ke ki ba shi labari. Allah ya ba shi lafiya, ya dawo maki da muryarsa.