Abin da Ya Hana Gem ɗin Christy Tashi

Maman Christy,

Zan wuce Kudenda, kina barci.

Gem ɗin Christy na talabijin ya ƙi tashi jiya. Na hura kaset har jiri ya ɗebe ni, na zagi masu wuta. Ashe ƙaramar taransifomar da ke rage masa wuta ce ba ta bayan talabijin. Tana kicin, kin danne murfin wake da ita saboda ɓera.

A jiƙe take, na shanya ta. Kafin ta bushe, kada Christy ta jona gem ɗin a bango kai tsaye. Ɗan Amurka ne, wutarmu za ta ƙone shi, ƙaninki kuma ba zai aiko da wani ba.

Waken na danne shi da babban ƙamus ɗina. Yau dai ya yi wa gidan nan amfani.

Shekari