Manhajar Goronyo Ta Ƙi Tsohuwar Wayata

Zuwa ga Shugaban matasan da ke haɗa manhajar karatun manya ta Wurno, Rabah da Goronyo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ni dattijo ne daga Rimawa ta ƙasar Goronyo, manomin albasa, wanda bai riƙa alƙalami ba sai da furfura ta fito, a ajin yamma. Ina rubuto wannan da farin ciki, don ɗiyata Hadiza ta haihu a Rabah, an sa wa jaririyar sunan kakarta, marigayiya matata Saudatu. Amma ina da kuka.

Na ɗaya. Tun rasuwar Saudatu, gidan nan ni kaɗai ne. Manhajarku ce abokiyar hirata. A cikinta nake bitar karatu, a cikinta muke rubuta wa juna gaisuwa da 'yan ajinmu da Hadiza. Da kuka sabunta ta bayan girbin gero, ta ƙi hawa wayata. Abokina Malam Garba na Dinawa ta ƙasar Wurno, wayarsa irin tawa ce, tasa tana aiki.

Na biyu. Na tambayi ma'aikacinku ranar kasuwa, mi ya faru. Ya yi min bayani da mutunci. Ya ce aikinku yana cikin babbar folda guda, a cikinta akwai foldar kowace ƙaramar hukuma. A babbar kuka ajiye fayil na saiti, wanda ya ce a haɗa manhaja yadda tsofaffin wayoyi za su ɗauka. Wurno da Rabah daga can suke gado. Sai wani ya ajiye wa Goronyo nata fayil don ya canza launi kawai. Na'ura kuwa in ta tashi haɗawa, fayil mafi kusa take ɗauka, ba ta ƙara duba sama sai an umurce ta.

Ranka ya daɗe, wannan na gane shi. A gidanmu yaro yakan samu gayaunarsa, amma iri daga rumbun gandu yake ɗiba. Ku kun ba Goronyo gayauna, kun rufe mata rumbu.

Na uku. Ma'aikacin ya ce gyaran layi ɗaya ne: fayil na Goronyo ya fara kiran na sama. Har yau shiru. Na ji an ce mu sayi sababbin wayoyi. Laifin ba na wayata ba ne.

Roƙona, ku sa wannan layin, kuma kafin ku saki sabuntawa ku gwada ta kowane gari a tsohuwar waya.

Na kira Hadiza, na yi mata barka da baki. Amma Saudatu ce kalmar farko da na koyi rubutawa, mai sunan tana zaune gefena tana dariyar hannuna. Ina so in sake rubuta ta da kaina, in aika Rabah.

Allah ya yi wa aikinku albarka, ya ba ku masu tuna ku in kun tsufa.

Wassalam.

Malam Umaru, Rimawa