Ƙaguwar Adda Hauwa

Daren Laraba, Karaye

Ƙaguwar Adda Hauwa ta mutu, kuma ni na jawo. Tunda Adda ta zo hutu daga jami'a take jiran ƙaguwar nan ta yi saɓa, don ta ɗebi jininta ta kai ɗakin bincike kafin sabon ɓawon ya yi tauri. Ta ce in bar ƙaguwar ita kaɗai a bokiti. To, ni kuma na ga ta daina ci, ta laɓe ƙarƙashin dutse. Saniya ma in an ware ta daga garke haka take yi. Jiya sai na je bakin dam na kamo namijin ƙaguwa na saka mata a bokitin ya zama abokin zamanta.

Da safe muka tarar ta yi saɓar, jikinta luɓus, baƙon ya cinye rabinta.

"Buba, wa ya ce ka yi mata aure?" in ji Adda, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Na ce tausayi ta ba ni. Ta ce ƙin cin nan shi ne alamar saɓa, laifinta ne da ba ta gaya min ba.

Da ma faɗa ta yi min, wallahi. Hutunta ya ƙare, jibi za ta koma hannu wofi.